Wai da gaske aljanu ne suka gina haikalin nan na Madurai?

Baban Ilham: Salam jama'a. Wani ne ya turo min bidiyon nan a guruf ɗin unguwarmu, wai wani ɗakin bautar gumaka ne a Indiya, mai maganar cewa yake shekararsa dubu shida kuma wai ba mutane suka gina shi ba, aljanu ne a dare ɗaya. Ni dai na ga wata doguwar hasumiya duk an cika jikinta da mutum-mutumi kala kala tun daga ƙasa har sama. Dan Allah waye ya san wajen?

Ɗalibin Tamil Nadu: Wslm. Yaya wannan ai haikalin Minakshi ne a garin Madurai, jihar Tamil Nadu can kudancin Indiya, a gefen kogin Vaigai. Ina karatu a jihar kuma na shiga wajen. Maganar dubu shida ƙarya ce wlh, ko su masu wajen da suka yi karatu ba sa faɗin haka

Auta: toh shekararsa nawa kenan

Anti Malama: Auta tambayar taka biyu ce a haɗe. Akwai daɗewar wurin a matsayin inda ake bauta, akwai kuma daɗewar ginin da kake gani a bidiyo. Wurin kam tsoho ne sosai, tun a ƙarni na 7 wani mawaƙin addininsu mai suna Sambandar ya ambace shi a waƙoƙinsa, garin Madurai kuwa ya ma fi haka daɗewa, shi ne fadar sarakunan Pandiya. Amma ginin da ke tsaye yau yawancinsa na ƙarni na 16 da na 17 ne, zamanin sarakunan Nayak. Kenan shekara ɗari huɗu zuwa ɗari biyar. Hasumiyar gabas ce ake cewa ta fi tsufa, asalinta tun farkon ƙarni na 13. Kuma an san waɗanda suka sa aka yi aikin da sunayensu, babban zauren nan da ake ce wa mai ginshiƙi dubu wazirin sarki Viswanatha Nayak ne, Ariyanatha Mudaliar, ya gina shi a 1569. To ina aljani ya shigo a nan?

Injiniya: Anti kin gama magana. Ni abin da ke ƙona min rai da irin bidiyoyin nan shi ne raina aikin hannun mutane, duk abin da ya fi ƙarfin tunanin mutum sai ya ce aljanu. Bari in muku bayanin yadda ginin yake dan na ɗan bibiye shi. Hasumiyoyin nan gopuram suke ce musu, kuma ƙofofi ne ba ɗakin bautar ba, ta ƙarƙashinsu ake shiga. Guda 14 ne gaba ɗaya, manyan na waje guda huɗu, gabas yamma kudu arewa, kowacce hawa tara, ta kudu ce ta fi tsawo kusan mita 52. Gindin kowacce dutse ne zalla aka sassaƙa aka jera, daga nan zuwa sama jan bulo ne da shafe, kuma kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, shi ya sa nauyin yake raguwa yana sauka daidai kan gindin. Waɗannan gumakan masu launi da kuke gani ba dutse ba ne, kwaɓin farar ƙasa ne aka mulmula aka yi wa fenti, a ta kudu kaɗai sun haura 1,500. Rana da ruwan sama suna cinye su, dole ake gyarawa ana sake fenti, a ƙa'idarsu duk bayan shekara 12 ake babban gyara da bikin tsarkake wajen, an yi irinsa a 2009

Injiniya: na manta, zauren mai ginshiƙi dubun ma 985 ne in an ƙirga

Auta: kai. Ni na ɗauka hasumiyar ce ɗakin gunkin

Ɗalibin Tamil Nadu: Aa ƙanena, abin da zai ba ka mamaki kenan. Iya shigarka ciki iya ƙanƙancewar ginin. Ɗakin da gunkin yake ƙarami ne mai duhu, fitilar man shanu kawai ke ci a ciki, sai dai rufinsa an lulluɓe shi da zinariya. Filin duka ya kai eka 14, katanga cikin katanga. Shi kansa tsohon garin haka aka tsara shi, tituna suna zagaye haikalin layi bayan layi kuma sunayen watanninsu aka sa musu, Adi, Chithirai, Avani Mula, Masi. In ka ɓata a cikin kasuwa ɗaga kai kawai za ka yi ka hango hasumiya

Malam na Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ni gsky ban ji daɗin yadda zancen yake tafiya ba. Wurin shirka ne fa, wurin da ake sujada ga dutse, mu kuma mun zauna muna ta kai kai muna yaba tsawon hasumiya. Akwai yara a guruf ɗin nan. Ku ji tsoron Allah

Anti Malama: Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. Ba wanda ya yaba bautar a nan, kuma na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa shirka ce a aƙidarmu. Amma sanin abu daban yarda da shi daban. Albiruni malami ne musulmi, ya zauna ya koyi harshen Sanskrit kusan shekara dubu da ta wuce ya rubuta abin da Hindu suka yi imani da shi dalla dalla, imaninsa bai taɓu ba. Kuma Malam ka duba, jahilcin ne ya fi haɗari, yaron da bai san mutane ne suka gina ba shi zai yarda aljanu ne, daga nan ya fara jin tsoron wajen yana ganin yana da wani iko. Wanne ya fi kusa da shirka?

Malam na Tudun Wada: Malama wannan hujjar taki ta ƙarshe na karɓa. Amma a kiyaye harshe, a ce abin bautarsu, kar a riƙa faɗin labarinsu kamar gaskiya. Kuma ban ce a zage su ba, Suratul An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da suke bauta wa

Baban Ilham: Madalla Malam. Toh Anti tambayata, in wurin ya kai ƙarni na 7 me ya sa ginin bai kai ba? rushewa ya yi?

Anti Malama: Yaƙi ne ya ci shi. A 1311 Malik Kafur, janar ɗin Sarkin Delhi Alauddin Khalji, ya kawo hari kudu lokacin da 'ya'yan sarkin Pandiya biyu ke rigimar gadon sarauta, ya shiga Madurai ya kwashi dukiya mai yawa, zinariya da giwaye da dawakai, haikalin ma bai tsira ba. Bayan nan Delhi ta mamaye yankin, sai a 1335 gwamnansu Jalaluddin Ahsan Khan ya ɓalle ya kafa tasa daular a Madurai, ta yi shekara arba'in da wani abu kafin sojojin daular Hindu ta Vijayanagara su kawar da ita wajen 1378. A tsakanin nan bauta ta tsaya a wajen, su a riwayarsu sun ce an gudu da gumakan an ɓoye. Sai bayan nan aka fara farfaɗowa, Nayak suka zo suka mai da shi yadda yake yanzu, musamman Tirumala Nayak da ya yi mulki 1623 zuwa 1659

Abu Mujahid: Toh ai jihadi ya yi, Allah ya saka masa. Meye abin ɓoyewa

Anti Malama: Ɗana ba na ɓoye komai shi ya sa na faɗa da bakina. Amma ka karanta tarihin harin da kyau, ganima ya je nema ya kai wa ubangidansa a Delhi, bai zauna ya karantar da kowa ba, ya kwasa ya juya. Kuma musulunci ya riga shi isa yankin, 'yan kasuwar Larabawa sun daɗe suna sauka gaɓar tekun kudu suna sayar wa sarakunan Pandiya dawakai, ba da takobi suka zo ba

Ɗalibin Tamil Nadu: Wannan gsky ne. Akwai babban masallacin Kazimar a Madurai, da ƙafa ma za ka taka daga haikalin, tun ƙarni na 13 yake kuma sarkin Pandiya ne ya ba da filin. Na yi juma'a a can. Musulmin garin Tamil ne 'yan asalin wajen, in ka je musu da maganar Malik Kafur a matsayin gwarzo ba daɗi za su ji ba, dan har yau da sunansa masu tsattsauran ra'ayin Hindu ke musu gori, su da ba su ci ba ba su sha ba

Abu Mujahid: amma dai gumaka ya karya ko

Malam na Tudun Wada: Abu Mujahid ka bi a hankali. Ba duk sarkin da ya ɗau takobi da sunan musulmi ne za mu shaida wa niyyarsa ba. Ibn Battuta ya shiga Madurai a zamanin daular nan, surukin Jalaluddin ɗin ne ma dan ya auri 'yarsa, kuma da idonsa ya ga yadda sarkin lokacin Ghiyasuddin Damghani ke kashe kamammu har mata da yara, ya rubuta cewa abin ƙyama ne. Alƙali ne fa malikiyya irinmu. Shi ne kuma daga baya ya ƙetaro sahara ya je Mali ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yanzu a 1353, har ya ambaci Gobir. In shi ya ƙyamaci abin ni ba zan tafa ba

Injiniya: Allah ya ƙara ilimi Malam

Maman Sadiq: Ni fa ku bar maganar yaƙi ku ji nawa. Na raka Hajiyarmu aikin ido Madurai, masaukinmu ba nisa da wajen, da ta samu sauƙi na ce sai na ga abin nan da nake hangowa ta taga kullum. Tun daga bakin titi mata ne zaune reras da kwandunan furen yasmin suna kitsa shi a zare, da kamu suke aunawa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ƙamshin har ya yi yawa. Sai ka cire takalmi ka ajiye a wajen masu ajiya, ka ba da waya, a caje ka, layin mata daban. Duwatsun tsakar wajen da rana zafi kamar me, da gudu gudu na tsallaka. Ciki kuwa sanyi da duhu, warin man shanu da kafur da turaren wuta. Na zauna a matakalar tafkin nan da ke ciki mai furen bado na zinariya a tsakiya, wata tsohuwa ta zo ta zauna kusa da ni da jikarta, ta kalli hijabina ta yi murmushi ta miƙo min ayaba, na girgiza kai dan ban san ko ta sadakar gunki ba ce, ta gane ba ta ji haushi ba ta mayar jaka. Daga wani wuri akwai allo an rubuta Hindu kaɗai, nan na tsaya

Hajiya Uwargida: Maman Sadiq ita Minakshin mace ce kenan? ni duk a fim namiji nake gani ana kaɗa masa ƙararrawa

Maman Sadiq: Mace ce ranki ya daɗe, kuma ita ce gaba. Mijin nata Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, a nan Sundareswarar suke ce masa, yana da nasa ɗakin ma ya fi nata girma amma kowa ita yake fara zuwa wa. A hotunanta koriya ce da aku a kafaɗa

Ɗalibin Tamil Nadu: Hajiya finafinan da muka saba gani yawanci na arewa ne, kudu harshensu da gininsu da komai daban. A labarinsu, na ce a labarinsu fa Malam, wani sarkin Pandiya Malayadhwaja ba shi da magaji ya yi hadaya yana neman ɗa namiji, sai yarinya 'yar shekara uku ta fito daga wutar da nono uku, aka ce masa ya rene ta tamkar namiji, ranar da ta haɗu da mijinta na ukun zai ɓace. Ta gaji sarauta ta ci ƙasashe da yaƙi har ta kai dutsen Kailash inda suka ce Shiba yake zaune, tana ganin Shiba abin ya ɓace, ya biyo ta Madurai aka ɗaura aure. Kun ga shi ne ya tare a gidanta. Shi ya sa a Tamil Nadu in ana son a san wa ke juya gida sai a tambaya gidanku Madurai ne ko Chidambaram, in an ce Madurai to uwargida ce mai iko, dan a haikalin Chidambaram Shiba ne gaba

Hajiya Uwargida: ikon Allah. Su ma dai suna da wannan zancen ashe

Ɗalibin Tamil Nadu: Kuma duk dare wajen ƙarfe tara sai an kai shi ɗakinta. Na tsaya a baranda na gani. Masu hidimar wajen ba riga a jikinsu sai farin zane da toka a goshi, suka fito da wata 'yar rumfar azurfa a kafaɗa an rufe ta da labule, gaba masu ganga da masu busa wani dogon abu nadaswaram, sak algaita sai dai ya fi ta tsawo da ƙara, wani na fifita da mafici wani na zuba turare a garwashi hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin na gabanka, suka tsaya a ƙofarta suka yi abin da za su yi sannan aka shige da shi. Da asuba a mai da shi nasa ɗakin. Kullum haka

Malam na Tudun Wada: Ɗana kallon gini wani abu ne, malamai sun yi saɓani kan shiga wuraren bautar wasu, amma tsayawa a lokacin da ake ibadar kanta ni ban ga dalilinsa ba. Kar ka koma dan Allah. Nasiha ce ta uba

Ɗalibin Tamil Nadu: Na ji Malam, na gode, Allah ya saka

Anti Malama: Babban bikinsu na shekara ma auren ne, a watan Chithirai wato tsakiyar Afrilu zuwa Mayu. Ana naɗa ta sarauniya, washegari a kwaikwayi yaƙe yaƙenta, sannan ɗaurin aure, matan aure da suka halarta su canza zaren auren da ke wuyansu a daidai lokacin, washegari a ja manyan kekunan katako da igiya a titunan Masi, dubban mutane ke ja. Abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina ta mai koyar da tarihi shi ne siyasar da ke ciki. Masu bin Shiba da masu bin Bishnu, wani babban abin bautar nasu, ba sa ga maciji sosai a da, kuma kowa da bikinsa. Tirumala Nayak ya ɗauko bikin auren daga watan Masi ya kawo shi Chithirai ya haɗa shi da bikin Alagar, wata siffar Bishnu da haikalinsa ke gindin wani tudu kusan kilomita 20 daga gari, wanda mutanen karkara suka fi bi. Sai labarin ya zama Alagar yayan amarya ne, ya taso zuwa biki ya makara, yana isowa kogin Vaigai ya ji an riga an ɗaura, ya yi fushi ya ƙi tsallakowa. Har yau a kan dokin zinariya ake kawo shi ya shiga ruwan, jama'a na fesa masa ruwa daga salkar fata, manoma kuma ido suke zubawa su ga launin alharinin da aka sa masa, in kore ne sai su ce bana za a yi albarka. Sarki ya haɗa birni da ƙauye a taro ɗaya bayan an gama girbi, kasuwa ta ci, rigima ta ragu

Auta: Anti dawo kan allon nan na Hindu kaɗai. Duk Hindu yana shiga har ciki?

Anti Malama: Yanzu eh, da aa, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi taɓa min zuciya. Ɗaruruwan shekaru Dalit, waɗanda suke ɗauka ƙazantattu ne tun daga haihuwa, ba sa taka ko bakin ƙofa, alhali addininsu ɗaya abin bautarsu ɗaya. Sai ranar 8 ga Yuli 1939 wani lauya Vaidyanatha Iyer, shi kansa Brahmin ne, wato ajin da suke ɗauka mafi daraja, ya ja Dalit biyar da mutum ɗaya ɗan ƙabilar Nadar suka shiga. Yawancin masu hidimar wajen suka ce an ƙazantar da shi suka ƙaurace har zuwa 1945, aka so a gurfanar da waɗanda suka shiga, Rajagopalachari da ke shugabantar gwamnatin Madras, lardin da Madurai ke ciki a lokacin, ya fitar da dokar da ta kare su. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, Kakkan, daga baya minista ya zama a jihar. Gandhi ma sai a 1946 ya shiga bayan an buɗe wa kowa. Ku duba mutum ya ga hasumiyar nan tun yana goye har ya tsufa ya mutu bai taɓa sanin me ke bayan katangar ba

Abu Mujahid: wannan kam zalunci ne ƙarara

Baban Ilham: Ɗalibi in ka koma ka ɗauko mana hoton zauren ginshiƙan mana, da rana ba lokacin ibadarsu ba kamar yadda Malam ya ce

Ɗalibin Tamil Nadu: Yaya ba a shiga da waya. A Fabrairun 2018 gobara ta tashi da dare daga shagunan da ke cikin wani zaure ta ɓangaren gabas, ginshiƙan dutse suka tsattsage rufi ya rufto, bayan nan babbar kotu ta hana shiga da waya aka fara fitar da masu shaguna

Injiniya: Mutane suna ɗauka dutse ba ya jin wuta, yana ji sosai, in ya yi zafi ya buɗe sannan aka watsa masa ruwan sanyi fashewa yake, kuma ginin nan babu rodi a ciki, ginshiƙi ne aka ɗora wa gungumen dutse aka shimfiɗa falalen dutse a kai, ɗaya ya karye na kansa duk sun biyo shi. Shago da leda da wayar lantarki a cikin gini irin wannan ganganci ne

Maman Sadiq: Ayya. To telolin nan fa na zauren da ke tsallaken titi ta gabas? layi guda na kekunan ɗinki a tsakanin gumaka, ka sayi yadi a nan a auna ka a nan kafin ka zagayo an gama, doguwar riga suka ɗinka wa Hajiya

Ɗalibin Tamil Nadu: Pudu Mandapam kenan Anti, shi ma Tirumala Nayak ne ya gina shi. An mai da telolin wani gini kusa da wajen. A jikin ginshiƙansa aka sassaƙa sarakunan Nayak guda goma a jere, shi Tirumala na ƙarshe da tumbinsa da matansa a gefe ya haɗa hannu, da rumfunan masu kaya sun tare su ba a gani sosai

Maman Sadiq: wlh a gabansu na tsaya ana auna yadi ban lura ba, hankalina na kan kar telan ya rage tsawon hannu dan su gajere suke yi